Sallah Ba Kowa a Gida: Ibro, Alhaji Badamasi da Wayar da Cajinta Ya Kusa Ƙarewa

Akwai wani irin shiru da ba ya sauka a makarantar kwana sai ranar jajibirin Sallah. Tun da hantsi motoci sun kwashe ɗalibai, an naɗe katifu, an kulle akwatuna, famfon da kullum ake dambe a kansa ya zama ba mai nema. Mu da muka yi makarantar kwana a arewacin Kano mun san shirun nan, domin akwai shekarar da mu tara kacal muka rage a ɗakin kwanan da ke ɗaukar mutum kusan sittin. Duk wanda ka tambaya a cikinmu zai ce maka karatu ya tsaya yi. Gaskiyar magana kuwa, wasu kuɗin mota ne babu, ɗaya garinsu ya yi nisa, wani kuma an yi musu rasuwa bai son ya koma ya tarar da ɗakin mahaifiyarsa a kulle.

Lokacin sanyi ne, hazo ya rufe ko'ina. Da safe muka riƙa jiyo kabbara daga ƙauyukan da ke kewaye da makarantar, bayan an sauko daga Idi kuma iska ta fara kawo mana ƙaurin babbakar kan rago. Mu kuwa tuwon gabza ne ke jiranmu a ɗakin cin abinci, kamar kowace rana ta Allah. Abin da ya fitar da mu kunya a daren nan faifan Ibro ne guda ɗaya, wanda ya sha gogayya har yana tsalle, da wata talabijin mai ƙeya da maigadi ya aro a gidan wani malami. Za mu dawo kan wannan daren.

Ku na yanzu lamarinku ya ma fi namu matsi. Kalandar Musulunci tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, shi ya sa Babbar Sallah ta faɗo ranar 28 ga Yuni a 2023, 16 ga Yuni a 2024, sannan 6 ga Yuni a 2025. Wato tsakiyar lokacin WAEC da NECO, kuma farkon damina, lokacin da kuɗin gida suka tafi ga iri da taki. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuwa, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Ɗan ajin ƙarshe da ke da takarda kwana biyu bayan Sallah sai ya yi lissafi, ya ga zuwa da dawowa ba za su yiwu ba, ya haƙura.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai almajirin da aka kawo daga Katsina ko Jigawa ko Damagaram, wanda malaminsa ya ce sai bayan kaka za a je gida. Akwai saurayin da aka bar wa tsaron gida da dabbobi saboda kowa ya tafi birni kallon Hawan Daushe. Akwai yarinyar da iyayenta suka tafi aikin Hajji aka bar ta da kaka mai barci tun bayan isha. Akwai kuma wanda mahaifinsa ke cirani a Legas ko Abuja, da ya turo kuɗin ɗinki ta wurin mai POS maimakon ya zo da kansa.

Abin mamakin shi ne inda wannan kaɗaici yake faruwa. Idan ka bi hanyar Dawanau zuwa Bichi, ko ta Dambatta, ko ka kutsa Minjibir da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa, da wuya ka ga daji. Gona ce ke bin gona, gero da dawa da gyaɗa da wake, ga ɗorawa da gawo da kuka a tsakiyarsu, ga gidaje a warwatse ta yadda ba ka fita daga jin sautin turmin wani gida sai ka shiga na wani. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru yana nazarin wannan yanki da ke kewaye da birnin Kano. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba a barin ta ta huta, da takin dabbobi da na birni da ake ɗaukowa a kan jakuna, kuma ta ci gaba da ciyar da jama'a masu ɗimbin yawa. A irin wannan ƙasa ba a rasa mutum. Amma duk wanda ya taɓa yin Sallah shi kaɗai ya san cewa jin hayaniyar maƙwabta ta bayan danga ya fi shirun daji ciwo.

To, a irin wannan rana hannun matashi ba ya zuwa ko'ina sai aljihu. A zaro waya, a duba caji, a duba abin da mai turin fina-finai ya zuba a memori ranar kasuwa. Kuma mun lura, ba fim ɗin soyayya ake nema ba, ba na faɗa ba. Na barkwanci ake nema, musamman wanda ya tara iyali a gida ɗaya suna ta rikici.

Ba mu kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. A Amurka akwai fim ɗin da ake maimaita haskawa duk lokacin Kirsimeti, sunansa Home Alone, wato shi kaɗai a gida. An sake shi a 1990, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin harkar fina-finan Hausa na bidiyo. Labarin wani yaro ne ɗan shekara 8 mai suna Kevin. Danginsa sun taru za su tafi hutu Faransa, aka makara, aka yi kuskuren ƙirga ɗan maƙwabta a madadinsa, sai da jirgi ya lula sama uwar ta tuna an bar shi yana barci. Da farko murna ya yi, domin daren jiya ya yi fatan kowa ya ɓace ya huta. Ya ci abin da ya ga dama, ya yi tsalle a gadon iyayensa. Daga baya ɓarayi biyu suka sa gidan a gaba, shi kuma ya ɗana musu tarkuna har suka gwammace kiɗa da karatu.

Duk lokacin da muka kalli fim ɗin nan sai mu ce da a wani ƙauyen Bichi aka yi shi, minti goma ya ishe shi ƙarewa. Kafin yaro ya gama miƙa, Gwaggo ta gidan bayan ta leƙo aron maburgi, ta gan shi, ta ja hannunsa zuwa gidanta, ta ɗora masa kwanon waina. Amma masu fim ɗin ma sun san da haka. Mutane suna tuna ɓarayin da tarkunan, suna manta cewa akwai wani dattijo maƙwabci da yara ke tsoro, wanda shi ma yake bikin shi kaɗai saboda ya yi shekaru ba ya magana da ɗansa. Yaron ne ya ba shi shawarar ya kira ɗan nasa, kuma dattijon ne ya ceci yaron a ƙarshe lokacin da dabara ta ƙare masa.

Mu a nan, idan ana maganar wanda ya raka mutane cikin kaɗaici da dariya, ba a tsallake Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda duniya ta sani da Ibro. An haife shi a 1971 a ƙauyen Ɗanlasan da ke ƙaramar hukumar Warawa, ya yi aikin gandiroba na wasu shekaru kafin ya ajiye kaki ya rungumi wasan kwaikwayo, ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014. Da yawa daga cikinku kuna goye ko kuna firamare lokacin da ya rasu, amma mun tabbata babu wanda zai ce bai san muryarsa ba. Har gobe guntayen fina-finansa na yawo a WhatsApp da TikTok.

Irin fina-finansa ana kiran su camama. A da kalmar raini ce. Masu manyan fina-finan soyayya da rawa da waƙa ne ke kallon na barkwanci a matsayin aikin gaggawa, mai araha, wanda ake ɗauka a ƙauye cikin 'yan kwanaki. Sai dai a kasuwannin ƙauye camamar ce ke tafiya. Dalilin a fili yake. A fim ɗin soyayya za ka ga falo mai kujerun alfarma da motar da ko a mafarki ba ta taɓa biyowa ta garinku ba. A fim ɗin Ibro kuwa zauren gidanku ne, dangar kara ce irin taku, akuyar da ta ratsa bayan ɗan wasa ma kamar ka san mai ita. Ya ɗauki duk abin da duniya ke magana a kai ya sa masa hular ƙauye: ya yi Ibro Usama, ya yi Ibro Saddam, ya yi Ibro Awilo lokacin da kiɗan mawaƙin Kwango Awilo Longomba ke tashe. Hanyar ba ta kasance shimfiɗaɗɗiya ba. A 2008 kotun tafi-da-gidanka mai aiki da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta yanke masa hukuncin ɗauri kan fim ɗin Ibro Aloko, tsohon gandiroba ya koma gidan yari ta ɗaya ƙofar.

Shi ma ba daga sama ya faɗo ba. Kafin bidiyo akwai Ƙasimu Yero da Samanja Mazan Fama da Karkuzu a talabijin da rediyo, ku tambayi iyayenku za ku ga fuskarsu ta washe. Kafin su kuma akwai 'yan kama, masu kwaikwayon wa'azin malamai amma duk karatun a kan tuwo da nama yake ƙarewa. Akwai tashe da kuke yi da kanku daga goma ga azumi, yaro ya manna gemun auduga ya zama tsoho, a birni kuma Nalako ya fito farautar gwagware. Akwai wasan jika da kaka, da na taubasai, da na Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zagezagi. Ku lura da abu ɗaya a duk waɗannan: babu wanda ake yi mutum ɗaya. Tashe sai da gidan da za a shiga, tsokanar kaka sai da kakar da za ta rama.

Wannan ne ya kawo mu ga Gidan Badamasi, shirin da Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, wanda tashar Arewa24 ta haska, inda Magaji Mijinyawa ya fito a Alhaji Badamasi. Tsoho ne mai dukiya mai maƙo, ya yi aure-aure ya tara 'ya'ya, su kuma suka taru a gidansa kowa da halinsa, kowa idonsa na kan abin da zai samu. Ana ƙulla makirci da safe, ya warware kafin la'asar, a kwana ana zargin juna. Idan ka cire dukiyar, wane gida ne babba a Dawakin Tofa ko Ɓagwai da ba shi da irin waɗannan mutane? Akwai yayan da ke ganin shi ne magaji, akwai ƙanwar da ba a cin nasara a kanta da baki, akwai kawun da ba ya zuwa sai an sauke tukunya. Ranar da suke kusa su ne ke hana ka sakat. Ranar da ba sa nan, sai ka tsinci kanka kana neman irinsu a waya.

A ganinmu wannan shi ne sirrin abin. Wanda ke Sallah shi kaɗai ba nama kawai ya rasa ba, nama ai maƙwabta za su aiko. Abin da ya rasa shi ne hayaniya: faɗan wanda zai riƙe ƙafar rago, da kukan ƙanin da tela bai gama wa ɗinki ba, da Inna tana kiran suna uku kafin ta dace da naka. Fim ɗin barkwancin iyali aron wannan hayaniyar yake ba ka na awa ɗaya. Ba mu ga laifin wanda ya karɓi aron ba.

Sai dai aron yana da iyaka, kuma masana sun auna ta. Wani masani a Amurka mai suna Robert Provine ya shafe shekaru yana bin diddigin lokutan da mutane ke dariya, ya gano cewa mutum ya fi yin dariya kusan sau 30 idan yana cikin mutane a kan idan yana shi kaɗai. Ku gwada da kanku. Guntun Bosho ko Naburaska ko Daushe da ya sa ku birgima a aji ranar da wani ya shigo da waya a ɓoye, ku sake kallon sa ku kaɗai a ɗaki da abin ji a kunne. Iyakarta ku ɗan hura iska ta hanci. Fim ɗin bai canja ba, wanda za ku dafa kafaɗarsa ne babu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ɗauki kaɗaici a matsayin matsalar lafiya. A rahoton da ta fitar a watan Yunin 2025 ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da shi, kuma ba tsofaffi ne kan gaba ba, matasa ne irinku.

Akwai kuma wata matsalar da ba mu son mu rufe ido a kanta. Ba kowace dariya ce ke barin mutum da daɗin rai ba. Wasu fina-finan ba su da abin dariya sai mai in'ina, ko gurgu, ko wada, ko wanda Hausarsa ba ta nuna ba. Uwa uba baƙauye: wanda ya shiga birni ya tsorata da fanka, ya gaida madubi. Ku da kuke karanta wannan shafi a Kunchi ko Shanono, wa ake nufi? Gwanintar Ibro a fina-finansa masu kyau ita ce baƙauyen nasa ba wawa ba ne, sau da yawa shi ke yi wa ɗan birni wayo, ko kuma haɗamarsa ce ke kayar da shi ba ƙauyancinsa ba. Da yawa daga masu kwaikwayonsa a TikTok sun ɗauki ihun da zare idon sun bar wayon. Idan kun gama kallon abu kuka ji kun raina garinku ko wani ɗan ajinku mai lalura, to wannan bai cancanci cajin wayarku ba, balle kuɗin data.

Sannan ga dare. Fim ɗaya kan jawo na biyu, kashi na uku ya jawo na huɗu, sai ka ji kiran assalatu. Wanda ya ƙi zuwa gida saboda takardar lissafi, ya kuma kwana yana kallo, ya yi asarar Sallah ya yi asarar lissafi. Ba sai mun tsawaita a nan ba.

Abin da muke ba da shawara ba shi da wuya, sai dai yana buƙatar a cire kunya. Idan kana da waya da fim, kada ka shige ɗaki. Fito da ita zaure ko gindin darbejiya, jingina ta da buta, ka ƙara murya. Ba za a yi minti biyar ba sai ka ga almajirai biyu sun raɓo, sai yaran maƙwabta, sai wani dattijo da zai ce shi ba ya kallon shirme amma ba zai tashi ba. Ke kuma da aka bari da kaka, ki kai mata wayar har kan tabarma. Za ta tambaye ki wane ne wannan sau goma, za ta yi wa Alhaji Badamasi faɗa kamar yana jin ta, kuma wannan ya fi fim ɗin kansa daɗi. Ku da kuke da cikakken gida kuwa, kafin ku fita yawon Sallah ku ƙirga: wane ɗan ajinku ne bai tafi gida ba, wane gida ne a layinku aka yi rasuwa bana? Kai ƙullin nama abu ne mai kyau, amma ana iya miƙa shi daga bakin ƙofa a juya. Ce wa mutum ya taso a tafi tare shi ne abin da ba kowa ke tunawa ba. Malamai masu zama a harabar makaranta ma muna roƙonsu, idan doka ta hana ɗalibi riƙe waya, to a daren Sallah a buɗe ɗakin taro a kunna wa waɗanda suka rage wani abu.

Mu dai a namu daren, an jona talabijin ɗin a ɗakin cin abinci da wani ƙaramin janareta da muka yi karo-karon mansa, kowa ya kawo abin da ya rage masa. Mu tara ne, sai maigadi, sai kuku da ya ce zai tsaya minti biyu. Kafin a yi nisa matar malamin da ya ba da aron ta aiko yaranta da kwanon soyayyen nama, yaran suka ƙi komawa. Wasu almajirai da suka jiyo ƙarar janareta suka tsaya a taga, maigadi ya yi kamar zai kore su sannan ya buɗe musu ƙofa. Faifan yana zuwa wani wuri sai ya maƙale, a fitar da shi a goge da gefen riga a mayar, ya koma farko. Wuri ɗaya mun kalle shi ya fi sau biyar, har muka haddace, muna riga Ibro faɗin maganarsa. Abokinmu da aka yi wa rasuwa, wanda tun safe bai ce uffan ba, shi ne ya fara faɗowa daga kan benci.

Ana saura kaɗan fim ya ƙare mai ya ƙare, janareta ya yi tari biyu ya mutu. Muka zauna cikin duhu ba wanda ya tashi. Kuku ya ce shi ya taɓa kallon fim ɗin a Dambatta ranar wata Lahadi da ya je kasuwa, bari ya ƙarasa mana. Maigadi ya ce ƙarya yake yi, ba haka aka ƙare ba. Suka yi ta musu, kowa na kawo nasa ƙarshen, har sanyi ya kore mu zuwa ɗaki. Washegari da sassafe aka mayar da talabijin, faifan kuma mai shi ya karɓi abinsa, har yau ba mu san wanda ya fi gaskiya tsakanin kuku da maigadi ba.